Bikin Bankwanan Honarabul Tabujara

Kujera ɗaya jam'iyyar Tisa ta ci a Majalisar Wakilai ta Manila, mutum biyu kuma suka sha mata wahala, don haka aka raba ta yadda malaman makaranta ke raba komai, aka yi mata tsarin lokaci. Wa'adin shekara uku ne. Malam Eustaquio Tabujara, Takyo a bakin abokai, wanda sunansa ke farko a jerin da jam'iyya ta miƙa wa hukumar zaɓe, zai zauna shekara ɗaya da rabi ya sauka, Malama Consolacion Sorongon da ke biye da shi, Soling a bakin na kusa, ta hau ta ƙarasa. Ba a rubuta ba, domin lauyan jam'iyya ya ce doka ba ta hana irin wannan magana ba, amma ba ta son ganinta a takarda. A wani gidan abinci na birnin Iloilo aka ƙulla alkawarin, gaban shugabannin rassa, kowa da kwanon romon taliya na batchoy yana turiri a gabansa. Eustaquio ya dafa ƙirji ya rantse har sau biyu, saboda mai ɗaukar hoto bai shirya ba a karon farko.

Shi ƙirji kawai ya dafa, don ya riga ya yi ritaya daga aikin sufeton makarantu, ba shi da abin da zai rasa. Ita Consolacion makaranta ta ajiye. Ma'aikacin gwamnati ba ya tsayawa takara da aikinsa a hannu, saboda haka ta miƙa makullan firamaren da ta shugabanta rabin rayuwarta, ta shiga motar haya ta jipni ta bi tsibirin Panay gari gari. Tisa na nufin alli, jam'iyya ce ta malamai da akawun makarantu da masu shara da masu dafa abincin yara. Malaman gwamnati kuwa an hana su yaƙin neman zaɓe, su ne ma ake zaunarwa a rumfuna su kula da akwati, don haka ta bi ta kan mazajensu da surukansu da tsofaffin da suka yi ritaya, waɗanda ba wanda ya isa ya hana su magana. Da aka ci kujerar, Eustaquio ya hau jirgi. Ita ta koma gida ta zauna da tukwanen furanninta, tana jira.

A watan Nuwamba, da rabin wa'adin ya kusa cika, ta je gidansa. Ya sake fenti, ya ɗaga katanga. A ƙofa ga baƙar mota mai lamba takwas, lambar da ake ba 'yan majalisa domin 'yan sandan hanya su san wanda ba za su gani ba. Aka zaunar da ita a baranda tare da masu neman taimakon asibiti da wani mai son a saya wa ƙungiyarsu rigunan ƙwallon kwando. Ita ta riƙe 'yarsa ta biyu ranar baftisma, shi ya sa yake kiranta Mare, take kiransa Pare, amma sai da mai rigunan ƙwallo ya shiga ya fito aka kira ta.

"Mare," in ji Eustaquio, ya buɗe hannuwa bai tashi ba. "Kin rame. Ko zaman gida ne bai karɓe ki ba?"

"Kai zaman majalisa ya karɓe ka, Pare. Wuyanka ya ɓace."

Ya yi dariya irin wadda ya koyo a Manila, mai fitowa a kan lokaci ta koma a kan lokaci. Ya sa aka kawo mata kofi da biskit.

"Disamba na zo yi maka tuni," ta ce.

"Wa zai manta da Disamba? Ga Kirsimeti, ga jikoki."

"Ƙarshen watan nake nufi."

"Mare, bari in gaya miki yadda wurin nan yake." Ya gyara zama irin na sufeto da ya zo duba aji. "Ƙudirin rage yawan yara a aji yana gaban kwamiti. Shugaban kwamitin yanzu da sunana yake kira na, ba da sunan jam'iyya ba. Kin san wahalar da aka sha kafin a kai nan? In na tashi yau, wa zai bi shi? Ke kafin ki gane inda bayan gida yake a ginin nan, an rufe zama."

"Na riƙe makaranta mai yara dubu biyu da bayan gida huɗu. Zan gane."

"Ba haka nake nufi ba."

"Ƙudirin nan a kan teburin kicin ɗina aka rubuta shi. Kai sunanka kawai ka sa a sama."

"Ban ce ba zan sauka ba," ya ce, yana duba agogonsa ba tare da ya ɓoye ba. "Cewa na yi a duba lokaci. Malamai ne suka aike ni, sai na ji ta bakin malamai."

"Ni me ce, mai sayar da kifi?"

"Ke 'yar takara ce, Mare. Sha kofinki, zai huce."

Ba ta sha ba. Ta bar shi a gefen teburin inda gwiwar hannunsa za ta iya samunsa, ta fito.

Daga nan ta zarce wurin Manang, wato Yaya, Leonila Gargantiel, tsohuwar malamar waƙa kuma sakatariyar reshen Panay, wadda ba a taɓa yin taron malamai a lardin ba tare da ta tsaya a gaba tana kaɗa hannu ba. Suka zauna a shagon kofi na bakin kasuwa. Leonila ta riga ta tambayi lauya. Jam'iyya na iya korarsa, shi kuma yana iya ɗaukaka ƙara, kotun zaɓen majalisa kuma za ta yanke hukunci a lokacin da wa'adin ya riga ya ƙare, wataƙila ma bayan na gaba.

"Mutumin nan ba ya tsoron kotu, Inday," in ji Leonila, tana kiranta yadda ake kiran ƙanwa. "Allah ma sama-sama suke gaisawa."

Consolacion ta juya kai. Tana kallon tsallaken titi, inda aka rataya wani ƙaton ƙyalle a katangar sakandare, da hoton wata shugaba mai barin aiki tana murmushi cikin furanni.

"Manang, kin tuna Sufeto Sustiguer da aka yi wa canji zuwa lardin Antique ya ƙi tafiya?"

"Wanda ya kulle kansa a ofis? Na tuna."

"Ya aka yi ya tafi?"

Leonila ta ajiye cokalinta a hankali. Ta tuna ƙwarai, ai ita ta koya wa mawaƙa waƙar ranar. Ba wanda ya kori Sustiguer. Biki aka yi masa. Aka rataya masa furanni a wuya, aka ba shi allon yabo da sunansa, aka yi kuka, aka ci taliya. Da Litinin ta zo, bai da fuskar da zai shigo da ita ta ƙofar da aka raka shi ya fita. Malamai ba su iya kora ba, ba a koya musu ba. Amma sun iya bankwana, kuma a iya sanin Consolacion ba a taɓa yi wa mutum bankwana ya dawo ba.

"Ba zai zo ba in ya sani," in ji Leonila.

"Taron Kirsimeti ne na jam'iyya, shi ne babban mai jawabi. Kin taɓa ganin Takyo ya ƙi lasifika?"

Aka kafa kwamitoci, domin malamai uku ba sa sayen tsintsiya sai sun kafa kwamiti. Na ado, na abinci, na kujeru, na tarbar baƙi, da wani na sa ido kan sauran. Rai ya dawo wa Consolacion. Ta fito da jan biro, ta riƙa bin jerin abubuwan da za a yi tana gyarawa, tana kiran mutane da sassafe tana tambayar wa ya ba su izinin sauya launin labule. Ta gayyaci gidan rediyon lardi. Ta sa matasan malamai su shirya wayoyinsu a nuna taron kai tsaye, don kada a bar masa ko ramin ɓera da zai bi ya ce ba a yi ba.

Ranar gwajin bikin, a filin ƙwallon kwando mai rufi na makarantar coci, Leonila ta ja ta gefe.

"Soling, waƙar roƙo fa? Ina ganin a cire ta."

A kowane bankwana akwai wannan gaɓar. Wakilin waɗanda za a bari ya yi jawabi ya ce ba a son rabuwa, mawaƙa su rera waƙar roƙo, jama'a su amsa da kada ka tafi, Malam. Sannan mai tafiya ya tashi ya ce zuciyarsa na nan amma ƙafa dole ta tafi, sai a buɗe abinci. Ana yi wa wanda ake so, ana yi wa wanda aka yi shekaru ana roƙon Allah ya ɗauke shi, na biyun ma ya fi samun kuka.

"A cire ta a sa me?" in ji Consolacion. "Bankwana ba roƙo ai kora ce. Kina so mutanen lardin Capiz su koma gida suna cewa reshen Iloilo bai san tsari ba?"

"Tunani kawai na yi."

"Za a yi masa cikakke, daga addu'ar buɗewa har ta rufewa. Ba zan ba shi abin da zai ce an wulaƙanta shi da shi ba."

Ta yi shekaru tana zama alƙaliyar bukukuwan makarantu, tana rage wa mutane maki saboda sun tsallake gaɓa ɗaya. Ba a kanta za a fara ba.

Asabar ɗin bikin ta zo da zafi. Tun hantsi filin ya cika: tsofaffin malamai da mafitai a hannu, malaman makarantun kuɗi, masu shara cikin rigunan coci, da malaman gwamnati waɗanda kowannensu ya zo ne wai raka gwaggonsa. An rataya fitilun taurari na Kirsimeti a ƙarƙashin kwano. Gasassun aladu biyu na kwance a kan ganyen ayaba a can baya, an rufe su da raga, kowa na yi kamar bai san suna nan ba.

Eustaquio ya makara, kamar yadda ya dace da mai lamba takwas. Ya shigo cikin farar rigar barong yana ɗaga hannu dama da hagu, sai da ya kai tsakiyar fili aka saki igiyar ƙyallen da ke bayan dandamali. Fuskarsa ce a jiki, ta fi ƙofa girma, da manyan haruffa a ƙasa: MUN GODE, HONARABUL. A HUTA LAFIYA.

Ya tsaya. Hannunsa na sama bai san inda zai kai shi ba. Consolacion ta ga wuyan da ta ce ya ɓace ya fito, ja wur. Ya dubi ƙofa, ya ga 'yan kwamitin tarba sun riga sun tsaya a bakinta da furanni. Ya dubi mai rediyo, ya dubi wayoyin da aka ɗaga. Sai ya ƙarasa ɗaga hannun, ya hau dandamali ya zauna a kujerar da aka lulluɓe da farin yadi, kusa da ita.

Aka yi addu'a, aka yi taken ƙasa. Aka rataya masa furannin sampagita har suka kai masa kunne. Shugaban reshen Capiz ya yi jawabi, na Aklan ya yi wanda ya fi shi tsawo don kada a raina Aklan. Aka nuna hotunansa tun yana siririn malamin aji huɗu, da kiɗa mai sanyi irin na ɗakin gawa. Tsofaffin malamai mata suka yi rawar gargajiya da huluna, ɗaya na bin ɗaya da kallon gyara.

Ya karkato wajenta yana murmushi saboda wayoyi. "Wannan aikinki ne, Mare."

"Aikin kwamiti ne."

"Kin yi mini jana'iza da raina."

"An gasa alade biyu, Pare. Ba kowace gawa ke samun haka ba."

"Wa ya biya?"

"Mutanen da suka aike ka. Ka ce sai ka ji ta bakinsu."

Aka miƙa masa allon yabo na katako mai ƙyalli. Ya karɓa da hannu biyu, yana ta zufa. Consolacion ta ji wani sanyi a ranta wanda rabonta da shi tun ranar da ta miƙa makullai. Har ta fara tunanin wanda za ta ɗauka sakatare.

Mai gabatarwa ta kira ta, a matsayin wakiliyar waɗanda za a bari. Ta tashi da takardarta. Ta rubuta jawabin a bushe, ba ta yabe shi da komai ba sai abin da za a iya tabbatarwa: cewa ya je Manila, cewa ya dawo. Amma jawabin bankwana yana da ƙarshensa, kamar yadda addu'a ke da amin, ta kuma faɗe shi a bukukuwan da ba ta san adadinsu ba. Bakinta ya san hanya.

"Honarabul," ta ce, ta juyo ta fuskance shi yadda ake yi, "da a hannunmu abin yake, da ba mu bar ka ka tafi ba. Ni ce ta farko da zan riƙe ka."

Leonila ta ɗaga hannu, mawaƙa suka ɗauka. Waƙar roƙo tsohuwa ce, kowa a filin ya rera ta tun yana sabon malami. Kafin baiti na biyu layin gaba ya fara kuka. Ba don Eustaquio ba. Wata mijinta take tunawa, wata ɗanta da ke aiki a jirgin ruwa, wata gwiwarta ce ke ciwo, wata kuma ta ga ta kusa da ita na yi. Da aka zo amshi, fili ya ɗauka baki ɗaya, kwanon rufi na mayar da sauti: kada ka tafi, Malam, kada ka tafi. Mutanen Capiz suka fi kowa ɗaga murya, don a san sun zo.

Eustaquio ya tashi. Ya tsaya gaban lasifika. Ya fito da hankici ya goge ido, ya ninke shi, ya sake buɗewa. Consolacion ta san wannan ma yana cikin tsari, ta ba shi maki a ranta.

"'Yan'uwana malamai," ya ce, muryarsa na rawa. "Ba zan ɓoye muku ba. Na shigo wurin nan da niyyar sauka. Na gaya wa matata ta fara gyara mini ɗakin karatu." Ya dubi jama'a. "Amma ni ɗan aike ne. Ɗan aike ba ya yin abin da ransa ke so. Na ji ku. Duk lardin nan ya ji ku a rediyo. Abin da ya fi karya mini zuciya shi ne Mare Consolacion, wadda in na sauka ita za ta hau, ita ce ta tsaya a nan ta ce za ta fara riƙe ni. Ku nuna mini wata jam'iyya a ƙasar nan mai irin wannan mace." Ya juyo ya ɗan rusuna mata. "Wane ne ni da zan ƙi? Na ji roƙonku. Ba zan tafi ba. Zan ƙarasa wa'adin."

Aka tafa. Malamai suna tafa wa duk jawabin da ya ƙare, sun koya wa yara haka har ya zama jikinsu. Na baya ba su ji abin da ya ce ba saboda amon kwano, sun dai ga ya bar lasifika, wanda ke nufin an kusa cire ragar aladu. Na gaba sun ji, amma hannayensu sun riga sun fara. Mai rediyo ya matso da bakinsa ga na'urarsa yana magana da sauri. Leonila ta dubi Consolacion, ta dubi jerin da ke hannunta, ta ga abin da ke biye shi ne waƙar rakiya. Ba ta taɓa tsallake gaɓa ba a rayuwarta. Ta ɗaga hannu, mawaƙa suka yi wa mutumin da ya ce ba ya zuwa ko'ina addu'ar sauka lafiya, baiti uku cif.

Consolacion ta same shi a bayan dandamali, inda aka jibge kujerun da suka karye. Yana cire furanni daga wuyansa yana miƙa wa direba.

"Ka san abin da ake nufi," ta ce.

"Na san abin da aka ce."

"Kai ma ka faɗa wa wasu. Ka faɗa wa Sustiguer, a gabana, kana kuka."

"Na faɗa. Kin san me, Mare? Shekara talatin ina zama a irin wannan taro ina jin ana roƙon mutane kada su tafi, ina mamakin me ya sa ba wanda ya taɓa cewa to." Ya karkaɗe kafaɗar barong ɗinsa. "Da kika sako ƙyallen nan, na rantse na ɗauka tawa ta ƙare. Ina zaune ina lissafin yadda zan gaya wa yarana na ofis. Sai kika tashi."

"Ka dafa ƙirji a gaban mutane."

"Ke kuma kin riƙe lasifika a gaban rediyo. Wanne ya fi sabo?"

"Makarantata na ajiye saboda kai, Takyo."

"Saboda kujera kika ajiye, kada ki ɗora mini. Ki saurara, ni ba azzalumi ba ne. Ofishina na nan garin yana bukatar mai kula da shi. Akwai na'urar sanyi, akwai mota ranar Talata. Ke kin iya tsara abubuwa, yau kowa ya gani."

Ta dube shi yadda take duban yaron da ya kawo aikin gida da rubutun uwarsa. "Ƙuri'un Antique da Aklan, wa ya kawo su?"

"Jam'iyya."

"Wa ya kwana a azuzuwa a kan tebur? Wa ya san sunan mijin kowace malama daga nan har bakin teku?"

"Mutane alli suke zaɓa, Mare, ba mai riƙe da shi ba."

"To, mu gani."

"Ba za ki ci abinci ba? Kunnen aladen ya yi kyau."

Ya tafi da allon yabon a hammata. Ta ji daga baya cewa ya rataye shi a ofishinsa na Manila.

Bayan sabuwar shekara ta kira Leonila gida, ta nuna mata sunan sabuwar jam'iyya da za a kai hukumar zaɓe. Pisara, wato allo. Za ta wakilci malamai da akawun makarantu da masu shara da masu dafa abincin yara.

"Su ɗin dai?" in ji Leonila.

"Akwai wasu?"

"Inday, ba za mu ci ba. Ƙuri'un da ke akwai da ƙyar suka kai mutum ɗaya Manila. In aka raba..."

"Lissafi na koyar kafin in zama shugaba, Manang. Na sani."

Leonila ta dube ta. "Kujerar malamai ce, ba tasa ba. Jikata tana koyar da yara sittin da wani abu a aji ɗaya, wasu a kan taga suke zama. Ƙudirin nan ko bai wuce ba, aƙalla akwai mai ambatonsa."

"Kujerata ce. Rabinta."

"Saboda rabi za ki fasa duka?"

"Za ki rubuta mana taken jam'iyya ko in nemi na Capiz?"

Leonila ta rubuta. Ba za ta iya zama ta ji mutumin Capiz ya ɓata waƙa ba.

Consolacion ta sake shiga jipni, ta bi hanyoyin da ta bi a da, ta kwana a gidajen da ta kwana. Wannan karon ma ya fi mata sauƙi, domin mutane sun fi saurin fahimtar ƙiyayya a kan ƙudiri. Rassa suka dare biyu. Malaman da suka yi shekaru suna cin abincin rana a tebur ɗaya suka koma kowa da kusurwarsa a ɗakin malamai. 'Yan Tisa suka riƙa yaɗa hoton bidiyonta tana cewa ita ce ta farko da za ta riƙe shi, 'yan Pisara suka yaɗa hotonsa hannu a ƙirji. Duka biyun gaskiya ne, abin da ya sa suka yi tasiri ke nan.

Aka yi zaɓe a watan Mayun shekarar da ta biyo baya. Malamai suka yini a rumfuna cikin zafi suna duba sunaye suna ɗiga tawada a yatsu, suka tura sakamakon da hannunsu. Tisa ba ta kai ba. Pisara ba ta kai ba. Kujerar ƙarshe da aka raba ta faɗa hannun wata jam'iyya mai wakiltar masu wankin mota, wadda wakilinta ɗan kwangilar titi ne.

Da rana tsaka, tana yanka albasa, wayarta ta yi ƙara. Ta ga sunan, ta bari ta ƙara kaɗawa, sannan ta goge hannu ta ɗauka.

"Kin ga alƙaluman?" in ji Eustaquio. Ba Mare, ba gaisuwa. Muryar ta koma ta sufeton makarantu mai ciwon ciki.

"Na gani."

"Kin haɗa su? Naki da nawa?"

"Na haɗa."

"Kujera biyu. Yawon da kika yi ya fito da mutanen da ba su taɓa zaɓenmu ba. Da jam'iyya ɗaya ce, da ni da ke duk muna ciki. Cikakken wa'adi, kowa da tasa, ba rabi ba."

"Da kana ciki ke nan."

"Ke ma da kina ciki."

"Na ji. Na ce da kana ciki."

Tana jin numfashinsa da ƙarar fanka a bayansa.

"Soling, tsakaninki da Allah. Kin ji daɗi?"

Ta yi shekaru tana hukunta yara a kan ƙarya, ba ta son ta fara da tsufanta. Ta duba ranta sosai, ta ga makarantar da wata ke shugabanta yanzu, ta ga jikar Leonila da yaranta a kan taga, ta ga Leonila kanta da ta daina ɗaga mata waya tun shekaranjiya. Duk suna nan, ba wanda ta manta.

"Ƙwarai," ta ce.

Ta kashe wayar, ta koma kan albasarta.